Masu Sa Ido a Bayan Katanga

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin rainin hankali irin na ciyaman ɗinmu ranar ƙirga ƙuri'a ba. Baturiya mai sa ido, an kai ta rumfar da aka share tun jiya. Mu 'yan sa ido na gida, ni da Tanimu mai faci, ga katinmu a wuya, aka tsayar da mu bayan katangar makaranta.

Can sai ga ciyaman da takarda. Ya ce, "Doka ta ce ku sa ido, ba ta ce daga ina ba. Ku rubuta ba ku ga maguɗi ba, ko a ƙwace katinku."

Ina shirin karanto masa dokar sashe-sashe, Tanimu ya karɓi biro.

"Ranka ya daɗe, ai gaskiya ce. Ban ga maguɗi ba."

"Madalla, ga mai hankali!"

"Ban ga akwati ba, ban ga ƙuri'a ba, ban ga malamin zaɓe ba. Duk zan rubuta."

"Kai! So kake a ce ba a yi zaɓe ba, a soke?"

"To, in rubuta na ga zaɓe?"

"Rubuta mana!"

"Ranka ya daɗe, mu abin da ido ya gani muke rubutawa. A kai ni in gan shi."

Ciyaman ya daka wa ɗan sandan da ke gadin wurin tsawa ya buɗe mana ƙofa. Mun shiga, amma ni har yau ina jiran takardar ban haƙuri, mai sa hannu da kwanan wata.