Yadda Gizo Ya Yi Dakon Ƙasar Bushiya

Ku matso kusa, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Gizo ne da gonarsa a kan tudu, ta Bushiya kuma tana ƙasa da tasa, a gangare. Wata rana tsohuwa Gara ta tara manoma a gindin gawo tana koya musu riƙon gona. Ta ce, "Ku daina ƙona kara bayan girbi, ku shimfiɗa shi ya rufe ƙasa. Ku jera duwatsu a gicciye su tare ruwa."

Gizo ya ja tsaki. "In ban sa wuta ba, ina zan samu gafiyar gasawa?"

Bushiya ta bi shawarar Gara, ta jera duwatsu a gonarta. Gizo kuwa ya sa wuta, ya ci gafiya har ya yi kumatu, gona kuma ta zama fako, rumbu wayam. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Malam, bana in babu hatsi, ni da yara gidanmu za mu koma."

Hankalin Gizo ya tashi. To kun san halinsa, ja'iri! Rana tsaka, kowa ya tafi hutu, sai ya cika kwando da baƙar ƙasar Bushiya, ya hau tudu yana nishi, ya zuba a gonarsa. Ruwan sama ya sauko, ya wanke ta tas, ya gangara da ita, duwatsun Bushiya suka tare. Ya sake ɗiba, ruwa ya sake mayarwa. A na uku har da takin awakin Ƙoƙi ya haɗa. Duka suka gangara!

Sai ga Bushiya da ƙwaryar fura. "Sannu da aiki, maƙwabci! Ƙasata ta dawo, har da tukuicin taki."

Wayyo, kunya kamar ya nutse! Bushiya ta yi dariya ta ce, "Sha furarka. Kwandon nan naka, duwatsu za mu ɗiba da shi."

Suka jera duwatsu, suka shimfiɗa kara, Gara da jikokinta suka shiga suna huda fakon. Da kaka ta yi, rumbu ya cika, Ƙoƙi tana daka tana waƙa. Wata ƙatuwar gafiya ta gifta ta shige cikin kara. Gizo ya haɗiye miyau, ya mayar da ashanarsa aljihu.

Kun ji, yara: ƙasa ba ta zama wurin wanda bai kula da ita ba, ko da kwando ya kawo ta.

Ƙungurus kan kusu! Kowa ya nufi tabarmarsa.