Hoton Inna a Rumbun Bushiya

An yi wani daji da dabbobinsa suka haɗu suka sayi babbar kwamfuta, suna ce mata rumbu. Kowa yana ɗora hotuna a kanta daga wayarsa don 'yan uwa su gani. Bushiya ce mai kula da rumbun, masifaffiya ce amma ba ta ƙarya. Akwai kuma Raƙumin Dawa, wanda a ganinsa ba a taɓa yin kyakkyawa kamarsa ba.

Kullum sai ya danƙara manya-manyan hotunansa, har na sauran dabbobi suka daina buɗewa. Bushiya ta gaji, ta saita rumbun yadda duk hoton da ya shigo, shi da kansa zai rage masa girma, ya datse sama da ƙasa, ya ajiye tsakiya, ya share na asali. Ta bi gida-gida tana cewa kowa ya riƙe hotonsa na asali a waya.

Raƙumin Dawa ya harare ta daga can sama. "Ke 'yar ƙaya, wannan dokar ta gajeru ce. Wane rumbu ne zai taɓa hoton gidanmu?"

"Rumbu bai san gidan kowa ba, Dogo. Abin da ya datse ya tafi kenan."

"To, ya gwada mu gani."

Hoto ɗaya tak yake da shi na mahaifiyarsa da ta rasu bara. Ya ɗora shi don a ga inda ya gaji tsayi. Ko dubawa bai tsaya yi ba, ya goge na wayar saboda ya samu wurin sababbin hotunan kansa.

Washegari ya tara dabbobi, ya buɗe hoton a gabansu. Babu fuska, babu ƙafafu, sai wuya kawai da zanensa. Ba wanda ya yi dariya.

Ya sunkuyar da dogon wuyan nan har ƙasa. "Bushiya, don Allah ki dawo mini da fuskar Inna."

Bushiya ta bincika ko'ina, duk da ta san ba za ta samu ba. Yau kam masifar ta ƙi zuwa, tausayi ne ya kama ta.

"Wallahi babu, Dogo."

Har yanzu yakan buɗe hoton shi kaɗai, yana ƙoƙarin tuna yadda idanunta suke.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne girman kai yakan toshe kunne, kuma akwai asarar da nadama ba ta mayarwa.