Maharbin da Ya Zaɓi Yashi

Akwai wani maharbi da mahaifinsa ya rasu ya bar masa bindiga ɗaya da kwanson harsashi bakwai na tagulla, irin waɗanda ake sake ɗurawa bayan an harba. Tsohon bai iya rubutu ba, amma a gindin kowane kwanso ya ja layi uku da basilla, na tsakiya a karkace, domin hannunsa yana rawa.

Shekara huɗu maharbin ya kasa buɗe jakar da suke ciki. Ran da ya buɗe, sai ya tarar ruwan damina ya shige ta, kwanson duk sun dafe, baƙi da kore sun rufe su. Ya yi ta murzawa da yatsa, bai ga komai ba. Muryar tsohon ta fara ɓace masa, hoto kuma babu. Layin nan uku su ne suka rage, yana so ya sake ganin inda hannun babansa ya bi.

Sai ya tafi wurin gwaggonsa, ƙanwar marigayin, ya same ta tana bakacen shinkafa.

"Gwaggo, da me Baba yake wanke waɗannan?"

Ta nuna tarin ɓuntu da ƙafa. "Da wannan. Ya zuba su cikin gora da ɓuntu, ya ɗaura a gefen jaki, su yi ta gogar juna a hanyar gona."

"Kwana nawa?"

"Sai an gama noma."

"Haba Gwaggo, ɓuntu fa! Abin da kaji ma suke rainawa."

"To ai kai ba kaza ba ne, ɗan nan."

Amsar ba ta yi masa ba. Ya wuce wurin maƙerin garin, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ka ce da na ƙetaren rafi yake magana.

"A'a, Sarkin Baka! Ɓuntu? Tuwo za ka tuƙa? Kawo nan! Yashin rafi da tsakuwa, a zuba ruwa, a girgiza! Kafin la'asar za ka ga fuskarka a ciki, in kana da ƙarfin halin kallonta!"

Maharbin ya jefa shida cikin gorar maƙerin. Na bakwai ya kasa sakinsa, ya mayar da shi aljihu. Suka yi ta girgizawa har kafaɗunsu suka yi tsami. Da aka juye, ga kwanso shida suna ɗaukar ido. Ya ɗauki na fari ya juya gindinsa: sumul. Na biyu ma sumul. Har na shida. Yashin ya cinye dauɗar, ya haɗa da layukan.

"Ka gani?" in ji maƙeri. "Kamar yau aka ƙera su!"

Maharbin ya ce, "I, kamar ba su taɓa zama na kowa ba."

Ya koma wurin gwaggo. Ta cika masa gora da ɓuntu. Ya saka ɗayan da ya rage, ya ɗaura wa jaki. Kullum suka dawo daga gona sai ya buɗe ya leƙa. Mako na fari baƙi ƙirin. Mako na uku haka, har ya so ya jefar da gorar. Sai da gero ya fara fitar da kai, ran nan ya zaro kwanson ya hure ɓuntun. Bai yi ƙyallin waɗancan ba, ko kusa. Amma ga layi, ga wani layin, ga kuma karkataccen a tsakaninsu. Ya ɗora yatsa a kai, ya daɗe a tsaye bakin hanya, jakin yana kiwonsa. Can ya ce, "Sannu, Baba."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kwanson su ne mutanenmu da suka daɗe ba su zo sujada ba, duniya ta dafar da su. Layukan su ne alamar da Ubanmu na sama ya sa wa kowannensu da hannunsa. Muna kewarsu ƙwarai, muna sa su cikin addu'a. Amma ran da ɗaya ya lallaɓo ya zauna a bencin baya, sai mu taso masa da yashi: "A'a, yau rana ta fito daga ina? Ni dai gaskiya nake faɗa, in zai ji haushi ya ji!" Wataƙila ya gyaru a ido, ya riƙa zuwa kafin a buga ƙararrawa, amma ɗan abin da ya sa ya ji shi ɗan gida ne mun kankare shi.

Ɓuntu shi ne haƙuri: gaisuwa, ziyara, kwanon tuwo, tafiya tare har damina ta wuce. Ba ya sauri, ba ya kuma cin alama. Kowannenmu yana da wanda yake marmarin gani ya dawo. Kafin ka buɗe baki ka gyara shi, ka tuna maharbin nan shida ya rasa a yini guda, kuma ba wanda ya iya mayar masa da su.