Mai Walda da Ragonsa Kwamanda

Akwai wani mai walda da mutanen layinsu ke kira Tsawa, saboda muryarsa. Hannunsa na da kyau a aiki. Ƙofar da ya haɗa sai ta shekara ashirin ba ta saki ba. Amma bai iya yi wa mutum magana a hankali ba.

Matarsa ta gaji ta kwashe 'ya'yanta biyu ta tafi. Abokai suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rage tana leƙo shi ita ce yayarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da ke hawo mota duk ƙarshen mako ta share masa ɗaki ta wanke masa kwanuka.

A bayan shagonsa yana kiwon tumaki shida da wani ƙaton rago da ya sa wa suna Kwamanda. Wuyansa kamar turmi, ƙahonsa ya nannaɗe. Da ya girma sai ya fara karo da duk abin da ya gani. Ya kashe wani ƙaramin rago, ya ɓalle katangar kwano sau biyu. Tsawa kuwa daɗi yake ji. Idan maƙwabta suka kawo ƙara, sai ya ce ai namiji ke nan.

Wata rana likitar dabbobi ta zo yin allura. Ta duba tabon da ke goshin ragon, ta ba Tsawa shawara a yi wa Kwamanda fiɗiya. Ta bayyana masa cewa akwai wani sinadari a jikin namiji, testosteron, shi ke kaurara wuya, ya ƙara ƙarfi, ya kuma ingiza dabba ga faɗa. Ta ce a daji irin wannan rago shi ke samun mata da yawa, amma lokacin barbara ko abinci ba ya tsayawa ci sosai, kullum cikin rauni yake, kuma sau da yawa irinsa ba sa tsufa.

"Ƙarfin nan ba kyauta ba ne, Malam," in ji ta. "Daga cikin kwanakinsa ake cira."

Tsawa ya yi dariya, ya ce ba zai mayar da Kwamanda tunkiya ba. Maimakon haka ya haɗa masa keji na ƙarfe, ya kulle shi shi kaɗai.

Ran nan ya manta bai sa sakata ba. Yayarsa ta fita bayan shagon zubar da ruwan wanki, ragon ya taso ya tunkuye ta ta baya. Ta faɗi a kan siminti, ƙugunta ya karye. Tana kwance tana nishi, abin da ya fara fitowa daga bakin Tsawa shi ne me ya kai ta can, alhali ta san halin ragon.

Kallonsa kawai ta yi. Da aka sallame ta daga asibiti, 'yarta ta ɗauke ta zuwa wani gari. Ba ta ƙara zuwa ba, shi kuma girman kai ya hana shi kira.

Gidan ya yi tsit. Kwanuka suka taru. Yakan zauna bakin keji da rana yana cin abinci a leda, yana yi wa ragon hira, ragon kuma na ta dukan ƙarfe da kai don ba shi da abokin karo. Goshin ya tsage, ciwon ya ruɓe, ya ƙi cin dusa. Likita ta dawo ta yi iya yinta. Cikin wata biyu Kwamanda ya mutu, bai cika shekara huɗu ba.

Gawar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsawa ya ƙwanƙwasa ƙofa uku a layin. Wani ya ce zai fita, wani ya ce bayansa na ciwo, na ukun ko buɗewa bai yi ba. Haka ya ɗaura wa gawar igiya ya ja ta shi kaɗai, yana tsayawa yana haki.

Da ya dawo ya wanke hannu, ya zauna a kan benci da waya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon lambar yayarsa kafin ya danna. Ta ɗauka. Ya buɗe baki ya ce, "Yaya," sai muryar ta ƙi fita.

Ta ji numfashinsa a wayar. Sannan ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, a shagon da babu kowa.

Darasi: Rago ba shi da zaɓi, abin da ke jininsa yake bi. Kai Allah ya ba ka hankalin da za ka riƙe zafinka. Zafin rai na cin mai shi, kuma yana fara korar waɗanda suka fi ƙaunarsa. Idan akwai wanda ka ɓata wa rai, kira shi yau. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na riƙe da wayarsa ya kasa dannawa.