Likitan Huhu da Matar Direban Bas

Akwai wani matashin likita da ya kwashe shekaru yana koyon aikin huhu da cututtukan barci. Shekara goma sha ɗaya ne ko sha biyu, na manta, tsufa ya kama ni. Amma dai ya daɗe, har gashin gabansa ya fara ja da baya. Yana shekararsa ta ƙarshe a hannun wani dattijon likita, kuma ya soma jin cewa babu sauran abin da za a koya masa.

Wata safiya wani direban bas ya shigo da matarsa. Sau biyu gyangyaɗi ya kwashe shi a kan sitiyari, har aka ce masa a wurin aiki ya nemi magani ko ya ajiye makulli.

Likita ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi ya hura bututun awon numfashi, ya ɗaga hoton huhu ga haske. Komai lafiya lau.

"Yaya barcinka?"

"Ai likita, ko sace ni aka yi ban sani ba."

Matar ta ce, "Likita, ai shi fa..."

"Baiwar Allah, mai ciwon nake tambaya."

 Likita ya ɗauki biro zai rubuta cewa gajiya ce kawai, sai malaminsa da ke zaune a kusurwa ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ka taɓa jin wanda ya ga kansa yana barci?"

Kunya ta rufe likita. Ya ajiye biro, ya juya kujerarsa gabanta. "Mama, ki yafe ni. Ina jin ki."

"Minshari yake kamar injin niƙa," in ji ta. "Can sai ya yi tsit, ƙirji ba ya motsi. Sai na zungure shi da gwiwar hannu kafin ya ja iska. Shekara tara ina zungurarsa."

Direba ya zabura. "Ashe ke ce! Ni ina ta zagin katifa kan ciwon haƙarƙari!"

Har dattijon sai da ya share hawayen dariya.

Gwajin barci ya nuna maƙogwaronsa ke toshewa, shi ya sa ba ya hutawa. Aka ba shi 'yar na'ura mai tura iska ta hanci. Minshari ya ɗauke, kafin wata biyu ya koma bakin aikinsa, ido tarwai.

Da suka dawo godiya, matar ta ce, "Likita, Allah ya saka. Amma yanzu shirun ne ke hana ni barci. Ba za a ɗan bar masa minsharin ko kaɗan ba?"

Darasi: Komai zurfin karatunka, kada ka katse maganar wanda ya ga abin da ba ka gani ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu fama da maigida mai minshari.