Ɗan Akun da Ya Koyi "Ina Zuwa"

A wani ƙauye an yi wani manomi, mutum mai ƙwazo, wanda yake zaune tare da matarsa da tsohon mahaifinsa. Tsohon ya makance, ƙafafunsa kuma sun yi rauni, har ba ya iya fita daga ɗakinsa sai an riƙe shi. Manomin shi ne ƙarami cikin 'ya'yansa, saboda haka ko da ya yi gemu, mahaifinsa bai daina kiransa Auta ba.

Wata ranar kasuwa, bayan girbi, manomin ya ga wani mai sayar da tsuntsaye da ɗan aku a cikin keji. Tsuntsun ƙarami ne ƙwarai, gashin wuyansa bai gama fitowa ba, jar wutsiyarsa kuma ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya shiga ran manomin, sai ya saye shi.

Mai tsuntsayen ya ce masa, "Maigida, wannan jariri ne, ba kaza ba ce da za ka sake ta ta yi kiwon kanta. Kowace safiya ka wanke masa kasko, ka zuba sabon ruwa. Ka jiƙa masa dawa ta yi laushi, gama bakinsa bai yi ƙwari ba tukuna. In ka sami gwanda ko ayaba, ka yanka masa. Kada rana ta same shi a keji, kada kuma hayaƙin murhu. Ka riƙa zama kusa da shi kana yi masa magana, don ba ya son kaɗaici."

Manomin ya ce, "Ni da nake kula da shanun noma, ɗan tsuntsu ne zai gagare ni?"

Mai tsuntsayen ya yi dariya ya ce, "Shanunka ba sa faɗa wa baƙi abin da suka ji a gida."

Da ya koma gida, sai ya rataye kejin a inuwar rumfar da take tsakanin ɗakinsa da ɗakin mahaifinsa. A kwanakin farko bai bar kowa ya taɓa tsuntsun ba. Shi yake wanke kasko, shi yake ɓare masa gyaɗa, shi yake share kashin da ya zuba a ƙasan kejin ya shimfiɗa sabon yashi. In rana ta yi zafi, yakan yayyafa masa ruwa, tsuntsun ya buɗe fikafikansa yana karkaɗawa. Da magariba ya rufe kejin da tsohon zane. Burinsa kuwa shi ne tsuntsun ya iya tarbar baƙi. Yakan tsaya a gabansa yana maimaitawa, "Sannu da zuwa. Sannu da zuwa." Ɗan akun sai ya karkata kai, ya dube shi da ido ɗaya, bai ce kome ba.

Ana nan sai ikkilisiyar ƙauyen ta soma gina sabuwar majami'a. Manomin ya ba da kansa ga aikin da dukan ƙarfinsa. Shi ne na fari a wurin kwaɓa ƙasa, shi ne na ƙarshen tashi, mutane kuwa suna ta yabonsa. Da kaɗan da kaɗan kaskon tsuntsun ya koma hannun matarsa, kamar yadda butar ruwan tsohon da kwanon abincinsa suka daɗe da komawa hannunta. Ba ta yi gunaguni ba.

Kowace safiya, in tsohon ya ji motsin takalmin ɗansa a tsakar gida, yakan kira, "Auta."

Manomin kuwa, da shebur a kafaɗa, yakan amsa, "Ina zuwa, Baba." Sa'an nan ya fice ta zaure.

Ba ƙarya yake nufin yi ba. A zuciyarsa yakan ce, bari in kai sheburin nan in dawo, ko kuwa bari in gaishe shi da yamma a natse. Amma da yamma yakan dawo a gajiye, tsohon ya kira, ya ba shi amsar nan ta safe, ya shige ɗakinsa ya kwanta. Kejin kuwa yana rataye a tsakaninsu.

Da bazara ta shigo, lokacin haihuwar matar ya yi kusa, sai iyayenta suka aiko ta koma gida, gama haihuwar fari ce. Kafin ta tafi ta ce wa mijinta, "Maigida, Baba yana shan ruwa da yawa a zafin nan. Ka cika masa buta, ka ajiye inda hannunsa zai kai. Kaskon tsuntsun ma yana bushewa kafin rana ta take."

Ya ce, "Ki tafi da kwanciyar rai. Mahaifina ne, tsuntsuna ne."

Ya roƙi wata maƙwabciya ta riƙa aiko da tuwo da yamma, ya ɗauka da wannan ya sauke nauyi. Wata rana ya cika butar, wata rana ya manta. Dawar da ya jiƙa wa tsuntsun ta kwana a kasko har ta yi tsami, ƙudaje suka taru a kejin. Ɗan akun ya soma fige gashin ƙirjinsa da baki, kamar yadda irinsu suke yi in an yashe su. Manomin ya gani, ya ce zai duba lamarin in an gama gini.

Ranar da za a ɗora rufin majami'a, ya fita tun rana ba ta fito ba. Bai taɓa butar ba, bai taɓa kaskon ba. Tsohon ya kira, ya amsa masa daga zaure.

An gama rufin da la'asar. Wani dattijon ikkilisiya ya dafa kafaɗar manomin a gaban jama'a ya ce, "Da kowane gida yana da irin wannan mutum, da tuni muna sujada a inuwa." Manomin ya ji daɗi ƙwarai, ya ce, "Dattijo, mu biya ta gidana ka sha ruwa, ka kuma ga ɗan akuna. Yana gab da fara magana."

Dattijon ya ce, "Mu je. In kuma gaishe da Baba, gama na daɗe ban gan shi ba."

Suna shiga zaure, kafin dattijon ya yi sallama, sai suka ji wata murya a bushe daga cikin gida tana cewa, "Auta."

Sai wata murya ta amsa daga rumfa, muryar manomin sak, har da gaggawar da ke cikinta, "Ina zuwa, Baba."

Dattijon ya juya ya dubi manomin, ga shi tsaye kusa da shi, bakinsa a rufe.

Tsohon ya ce, "To, ɗana." Can an jima ya sake kira, "Auta."

"Ina zuwa, Baba."

Dattijon ya ce a hankali, "Ka ce yana gab da fara magana. Ga shi ya iya, har da muryar malaminsa."

Manomin ya wuce ciki da sauri. Ya shiga tsakar gida, ya ga kasko a bushe ƙayau, tsuntsun yana haki da baki a buɗe, ƙirjinsa tsirara. Ya leƙa ɗakin mahaifinsa, ya ga butar a kife, tsohon yana kwance a kan tabarma, leɓunansa sun tsattsage. Ya ruga wurin randa, ya ɗebo ruwa a moɗa, ya durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Baba, ga ruwa. Wanda yake amsa maka tun safe, ba ni ba ne. Tsuntsun ne."

Tsohon ya ce, "Na sani, Auta. Idanuna ne suka mutu, kunnuwana suna nan. Na san motsin ƙafarka. Tsuntsu ba ya sa takalmi."

"To, Baba, me ya sa kake ta kira?"

"Muryarka ce. Ita ta rage mini a gidan nan da rana, sai nake kira don in ji ta."

Manomin ya kai moɗar bakin mahaifinsa. Amma tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Fara ba tsuntsun. Shi ma tun safe bai sha ba, kuma shi ya zauna da ni."

Manomin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tashi ya zuba wa tsuntsun, ya dawo ya shayar da mahaifinsa, bai iya ɗaga kai ya dubi dattijon ba. Dattijon ya zauna a bakin tabarma, ya gaishe da tsohon, suka yi hirar damina mai zuwa. Bai tsauta wa manomin ba. Sai da zai fita ne ya ce masa a zaure, "Gobe kada ka zo wurin gini. Akwai masu ɗaukar katako."

A yammar nan manomin ya wanke kejin, ya zubar da dawar da ta yi tsami, ya jiƙa sabuwa. Ya so ya ba da tsuntsun kyauta ga wani a ƙauye mai nisa, don kada ya ƙara jin maganar nan. Amma tsohon ya hana shi, ya ce, "Laifin me ya yi? Abin da ya ji shi ya faɗa."

Tun daga ranar, in tsohon ya kira, manomin ba ya amsawa daga nesa. Yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya je har bakin tabarma, sa'an nan ya ce, "Ga ni, Baba." Gashin ƙirjin tsuntsun ya sake tsirowa. Matar ta dawo da jariri, tsohon ya shafa fuskar jikansa ya sa masa albarka. Daga baya akun ya iya cewa sannu da zuwa, baƙi suna dariya. Amma maganar da ya fara koya bai manta da ita ba. Har bayan da tsohon ya koma ga Ubangiji, wani lokaci da tsakar rana akun yakan kira da muryar tsohon, "Auta," sa'an nan ya amsa wa kansa da ɗaya muryar. Duk sa'ad da manomin ya ji, yakan tsaya inda yake, ya sunkuyar da kai.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa ƙaunatattu.

Tsohon nan yana nuna mana Ubanmu na sama. Ba wai Allah makaho ne ko mai ƙishirwa ba, gama ba ya bukatar kome daga hannunmu. Abin da ya yi kama shi ne kiran, da kuma haƙurin mai kiran. Kowace safiya yana kiranmu da sunanmu zuwa ga addu'a, zuwa ga tuba, zuwa ga sulhu da wanda muka ɓata wa. Mu kuwa ba mu cika ce masa a'a ba. Muna jin tsoron faɗar haka. Abin da muke ce masa shi ne muna zuwa: bari in gama makaranta, bari in yi aure, bari a gama girbi. Mukan faɗa, ƙafarmu kuwa ta riga ta nufi zaure.

Ɗan akun shi ne bakinmu sa'ad da ya saba da maganar da zuciya ba ta ciki. Yana yiwuwa mutum ya rera waƙa ran Lahadi, ya ce amin a inda ya kamata, muryarsa ce sak, amma shi kansa ba ya gida. Za mu iya ruɗin fasto da wannan murya, mu ruɗi kanmu ma. Allah kuwa ya san motsin ƙafarmu. Abin da ya kamata ya ba mu kunya shi ne, ya sani, duk da haka bai daina kira ba.

Ku lura kuma, manomin ba mashaya ya tafi ba. Aikin majami'a ya tafi. Aikin yana da kyau, amma bai zama ruwa a butar mahaifinsa ba. Ubangijin da ya karɓi rufin, shi ne ya umarce mu mu girmama iyayenmu, mu kuma ji tausayin ko da ƙaramar halittar da ya sa a hannunmu. Wanda ya kasa wanke kaskon tsuntsu kowace safiya, ya bincika da kyau, watakila akwai wata butar da take a kife a gidansa.

Iyaye da yayye, ku ma akwai keji a rataye a tsakar gidanku. Yaran nan da suke zaune a gabanmu ba sa riƙe abin da muka tsaya muka koya musu kamar yadda suke riƙe abin da suke ji muna faɗa kullum. Wata rana za su maimaita shi da muryarmu, a gaban wanda muke jin kunya, ko kuwa su maimaita mana shi sa'ad da mu ne muke kwance a tabarma muna kira.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa a yau, wane ne na ce wa ina zuwa, har yanzu yana jira? Manomin ya sami mahaifinsa da rai, wannan kuwa alheri ne, ba hakkinsa ba. Ba a yi wa kowa alkawarin haka ba. In an tashi daga nan, kada ka aika da murya. Ka ɗebi ruwan, ka tafi da ƙafarka, sai ka isa bakin tabarma sa'an nan ka ce, "Ga ni."