Kibiyar da Malam Bai Duba Ba

Akwai wani malamin Fiziks a wata kwaleji da ɗalibai ke kira Ba-Gyara, don ko kwanan wata ya rubuta ba daidai ba a allo, sai dai kalanda ta bi shi.

A ajinsa akwai ɗalibar da ake wa laƙabi da 'Yar Gaba, saboda kullum tana kujerar farko. Ta taɓa faɗuwa darasinsa. In ta sake faɗuwa, dokar makaranta ta ce a sallame ta.

Ranar jarrabawa ya zana musu faifai, layukan ƙarfin lantarki suna ratsa shi, ya ce a lissafa yawan abin da ya ratsa. Ƙa'idar ita ce ɗalibi ya fara tsayar da kibiya a fuskar faifan. In layukan sun bi inda ta nuna, amsa ta ɗauki alamar tarawa. In sun saɓa mata, alamar ɗebewa. Abu rufaffe kamar ƙwallo, dole kibiya ta kalli waje. Amma faifai fuska biyu gare shi, kowa da wadda ya zaɓa.

A takardar amsoshinsa, Malam ya zaɓi fuskar dama. 'Yar Gaba ta zaɓi hagu, ta zana kibiyarta ƙarara, ta samu lambar da Malam ya samu daidai, sai dai da alamar ɗebewa. Jan biro ya soke. Maki uku suka rage mata ta ci.

Sau uku tana zuwa ofishinsa, tana roƙon ya dubi zanen kawai.

"Shekara ashirin ina koyar da wannan," in ji shi. "Ke ce za ki nuna mini inda kibiya ke kallo?"

Bai buɗe takardar ba. Aka sallame ta.

Bayan shekara goma sha ɗaya, yana kwashe durowa zai yi ritaya, takardarta ta faɗo. Ga kibiya nan, an zana da rula, har an ja layi ƙarƙashinta. Ya bi lissafin da kibiyarta, ya ga amsarta daidai ce.

Ya yi ta cigiya har ya same ta a wani shagon ɗinki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta share masa benci. Ya miƙa mata takardar, ya ce ita ke da gaskiya.

Ta karɓa ta duba. Ta ce ta yafe tuntuni, mahaifinta ne dai ya rasu yana zaton wasa ta yi da karatu.

"Allah sarki, Malam," ta ce, tana mayar masa. "Wallahi yanzu ban ma san me kibiyar nan take nufi ba."

Ta koma kan keken ɗinkinta.

Darasi: Kafin ka soke amsar wani, dubi inda ya tsaya ya kalli abin. Minti ɗaya da girman kai ya hana ka bayarwa na iya cinye rayuwar mutum. Ku tura wa duk malamin da ke riƙe da jan biro.